Tsagen Ruwan Gishiri

Aikin tuƙi ejan ya ce mini zan yi a Doha. Har hoton motar ya nuna mini a wayarsa, fara sol, ya ce ita zan riƙa ja. Da na iso sai na tarar abin da zan riƙa ja ba shi da sitiyari: get ne na wani rukunin gidaje a Al Gharrafa, in buɗe in rufe. Aka miƙo mini yunifom da ya yi mini yawa, aka nuna mini wani ɗan ɗaki mai gilashi da kujera ɗaya. Na kira ejan har na gaji, wayarsa a kashe. Alhassan, wani ɗan zangon Kumasi da muke karɓa-karɓar aiki da shi, ya dube ni ina ta huci, ya ce in sha ruwa in zauna, shi ma da injiniya aka ce masa. Na sha ruwan na zauna.

Ban gama sabawa da zafin garin ba annobar korona ta shigo. Aka rufe masallatai, aka rufe kasuwa, jirage suka daina tashi. Mu masu gadi ne kawai ba a ce mu zauna a ɗaki ba. Motar kamfani ta ɗauko mu daga masauki, kowa da takunkuminsa, ta sauke mu, ta dawo ta kwashe. Sai in wuni a bakin get ban ga fuskar mutum ɗaya cikakkiya ba, sai idanu ta bayan gilashin mota. A nan na san kewa. Da ina jin ana faɗar ta ne kawai, ina ɗauka ragwanci ne.

Mu masunta ne tun kakanni, a Wudil. Ni ne ɗan fari a wajen Baba, kuma Baba mutumin da ne, mai riƙon kunyar ɗan fari har abin ya so ya wuce misali. Tun da aka yaye ni ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi. Ban taɓa jin Baba ya ce Auwalu ba. In zai yi zancena sai ya ce "wancan", in kuma dole ta kama ya kira ni sai ya ce "kai". Wuri ɗaya ne bakinsa yake buɗewa a gabana, wato cikin kwale-kwale, lokacin hutun makaranta, yana jefa ragar birgi ina kwarfe ruwa. A nan yakan yi magana, amma ba da ni ba, da kogin yake yi ina saurare. Daga baya boko ya ja ni, ƙanena Sani ya gaji sana'ar, ni kuma na bar ta da ɗan sanin da bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka in na kira gida daga Doha, wayar Sani nake kira. Mu gaisa, ya ba Gwaggo mu sha hira, sannan in ji ya ɗaga murya ya ce, Baba, ga mutumin Katar yana gaisuwa. Daga can nesa in jiyo, "Ina amsawa." Iyakarta ke nan. Da can abin bai dame ni ba, haka na taso na gani. Amma da annoba ta yi tsanani, ana ta jin tsofaffi suna tafiya a Kano, ga Baba da hawan jini da ƙafa mai kumburi, ga babu jirgin da zai kai ni ko da zan sayar da kaina, sai tsoro ya shige ni. Tsorona kada ya rasu, ya zamana duk abin da ke tsakanina da mahaifina bai wuce "ina amsawa" ba.

A cikin gidajen da nake gadi akwai wani tsohon Balarabe da muke ce wa Shaiba, ban taɓa sanin sunansa na yanka ba. Wata rana da la'asar ya tako da sandarsa har kusa da get, ya ajiye wata leda a ƙasa, ya ja da baya, ya yi mini nuni da in ɗauka. Haka ake kyauta a lokacin, ba hannu da hannu. Na buɗe na ga kifi ne ƙato, mai ɗigo-ɗigo a jiki, sanyin ƙanƙara bai sake shi ba. Na zagaya bayan ɗakin gadi inda famfo yake, na ari wuƙar Alhassan na fara gyara shi. Da ƙarnin ya daki hancina sai na ji hawaye yana gangarowa cikin takunkumi. Na yi ta faɗa wa kaina, ƙato da kai, kifi ne fa kawai.

Da na tashi aiki na kira Sani ina ba shi labari, ya sa wayar a sifika don Gwaggo ta ji. Ina cikin kwatanta girmansa da irin ɗigon da ke jikinsa, sai na ji wata murya kusa, ba daga nesa ba.

"Bakinsa sama yake kallo ko ƙasa?"

Da farko ban tabbata da ni ake ba. Na ce sama, Baba, leɓen ƙasa ya fi na sama tsawo.

"To mai cin 'yan'uwansa ne. Dangin giwan ruwa."

Magana biyu kacal. Amma tun da na baro gida ba a taɓa ba ni kyautar da ta kai wannan ba. Na gane ƙofar da zan bi: Baba ba zai yi magana da ɗansa ba, amma zai yi magana da duk wanda ya zo masa da zancen ruwa.

Da aka sassauta kulle, Juma'ar farko da na samu hutu na nufi kasuwar Suk Wakif, inda aka ce mini akwai masu sayar da kayan su. Na shiga wani shago na yi ta nuni da hannu. Mai shagon ya auna ni sama da ƙasa, ya ga sabon shiga, ya ɗauko mini wata sanda mai keken naɗe zare yana ta rantsuwa da ita har jirgi za a ja. Ranar da na fara jefa ta keken ya zube a hannuna, ƙusoshinsa suka watse cikin duwatsu. Na koma masa na yi faɗa da Hausa, ya rama da nasa yaren, ba wanda ya ji na wani, ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Na haƙura na sayi zare da ƙugiyoyi kawai, na naɗe zaren a jikin gorar ruwa yadda muke yi muna yara.

Wakra na riƙa zuwa, kudu da birnin, inda layin jirgin ƙasa na metro yake ƙarewa. Daga nan in hau bas in ƙarasa da ƙafa zuwa wani wuri da aka jera manyan duwatsu suka shiga cikin teku. In ka waiwaya kana hango dogayen benen Doha cikin hazo, in ka duba gaba kuwa ruwa ne har inda ido ya tsaya. Ranar farko na yi abin kunya biyu. Na ɗebi ruwan da hannu na kai baki don in ji ɗanɗanonsa, yadda masunci yake yi in ya je baƙon kogi, na tofar ina tari. Na biyun ya fi wannan. Na shiga ruwa iya ƙugu, na kafa wani ƙarfe da na tsinta, na ɗaure zare mai ƙugiyoyi da jatan lande a kowace, na ce bari in je masallaci in dawo in kwashi rabona. Da na dawo daga Juma'a ban ga ruwan ba. Ƙarfena yana nan tsaye a kan busasshen yashi, ƙugiyoyina a shimfiɗe, ƙaguwoyi suna ta walima a kansu, teku kuwa ta koma can nesa. Na tsaya riƙe da darduma ina ta waige-waige, wallahi ina neman inda dam ɗin yake. A saninmu, ruwa ba ya janyewa haka rana tsaka sai in an rufe shi daga Tiga.

Alhassan ya yi dariya har ya faɗo daga kan gado da na ba shi labari. Baba kuwa bai yi dariya ba. Ya sa na maimaita masa daga farko. Ya tambaya wa yake buɗe ruwan, na ce an ce ba kowa, haka yake tafiya ya dawo kullum. Ya ce a wuni guda ruwa ya yi rani ya yi damina, wannan sai dai in ido ya gani. Amma ya ce in riƙa lura da wata, in gaya masa yadda ruwan yake in wata ya cika da yadda yake in ya rabe. Na riƙa lura ina kawo masa rahoto. Bayan 'yan makonni shi ya gaya mini cewa ruwan ya fi cika ya kuma fi janyewa a tsakiyar wata da ƙarshensa, daga zaune a Wudil, bai taɓa ganin teku ba. Sani ya ce har a majalisarsu ta bakin kogi Baba yake ba da labarin, wai wancan ya je garin da ruwa yake bin wata.

Ƙananan kifaye na riƙa samu, masu daɗi, muna soyawa a masauki da yajin da Gwaggo ta ɗuro mini. Sai wata ranar, ruwa yana dawowa, na kama wani ɗan ƙarami ina jawo shi, na ga wani dogon abu ya biyo shi a baya. Tsawonsa ya kai hannuna daga kafaɗa, siriri, launin azurfa, yana tafe a hankali ba ya ko motsa jela. Ya tsaya ya dube ni, na rantse ya dube ni. Kafin in ƙifta ido zaren ya fizge har ya yanke mini yatsa, sannan ya saki. Na jawo na ga babu kifi, babu ƙugiya, bakin zaren a yanke tas kamar an sa reza. Wani Balarabe da ke wucewa ya ce mini sunansa jid.

Da na gaya wa Baba, na ji ya gyara zama. Ya tambayi haƙoran, ya tambayi yadda ya biyo, ya tambayi ko ya yi tsalle. Sannan ya ce, "Tsage ne. Tsagen ruwan gishiri." Ranar ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na lokacin da yake saurayi suka tafi kamun kifi Yawuri, ya wuni yana fama da tsage da fatsa, kifin da ke tashi sama in ya ji ƙugiya yana girgiza kai. Ni a raga kawai na san tsage, matacce a cikin kwale-kwale. Muka yi ta magana har Sani ya ce cajinsa zai ƙare.

Daga nan Juma'a ta zama tamu. In je Wakra, tsagen ya yanke mini zare, ko kuma in wuni ban gan shi ba, in zauna a kan dutse in kira gida. Baba ya ba ni dabara in tafi da ita mako mai zuwa. Ya ce in sa ɗan kifi mai rai a ƙugiya, na sa, aka yanke. Ya ce in nemi zare mai kauri, na nema, aka yanke. Ya ce in ninka shi biyu in murɗe, in nemi ƙugiya mai dogon wuya, in daina bari inuwata tana faɗawa kan ruwa, in je da sassafe, in je da yamma. Duk na yi. Akwai wasu masu fatsa a kan duwatsun, 'yan Indiya da 'yan Filifin, kowa nesa da kowa saboda cuta, amma ko da aka daina ba da tazara ban tambayi kowa ba. Taurin kai gare ni, kuma na ƙudura a raina da dabarar Baba zan kama kifin nan ko in bar shi.

Wata Juma'a ina ba da labarin yadda aka sake yanke ni, layin yana ta ƙirƙir, sai na jiyo Sani daga gefe yana cewa, "Baba, ai matsalar waya ce kawai."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Baba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ce a raina lallai wayar Sani ta tsufa, yana jin nauyin gaya mini, Baba kuma ba ya so a ɗora mini nauyi. Da jirage suka dawo tashi na sayi sabuwar waya mai ƙarfin sifika, na ba wani direba ɗan Kano da zai je hutu ya kai musu. Sani ya kira yana godiya yana dariya, irin dariyar da mutum yake yi in yana ɓoye wani abu. Na tambaye shi mene ne, ya ce ba komai, Allah ya ƙara buɗi.

Ni ma na nemi hutun, ba sau ɗaya ba. Farko aka ce ma'aikata sun yi ƙaranci, in jira. Da na jira aka ce ai gasar cin kofin duniya ta matso, babu mai motsawa sai an gama. Fasfona yana hannuna amma ƙafata a ɗaure. A tsakanin nan ƙafar Baba ta hana shi shiga kwale-kwale gaba ɗaya. Sani ya ce ran Juma'a in an sauko masallaci Baba yakan sa a kai masa tabarma gindin wata bishiya a bakin kogi, inda sabis ya fi kyau, ya karɓi wayar ya ajiye a kan cinyarsa, kuma ba mai taɓa ta ko da matar Sani ce take nemansa. Da na ji haka na shiga banɗaki na kulle, don ɗakinmu mutum da yawa ne.

Da gasar ta zo aka ɗauke mu daga gidaje aka baza cikin gari. Ni aka kai ni kusa da Suk Wakif, aka ba ni riga mai ƙyalli, aikina in tsaya a bakin shinge in riƙa nuna wa mutane hanya ina cewa yalla, yalla. Ban taɓa ganin taron 'yan Adam iri-iri haka ba, masu ganga, masu fenti a fuska, masu kuka don an ci ƙasarsu. Wasu su rungume ka su ɗauki hoto, wasu su zage ka don ka ce nan ba hanya. Wata tsohuwa da ban san ƙasarsu ba ta ga ina ɗingishi, ta zaro filasta daga jakarta ta ba ni, ta wuce abinta. Hutu kuwa babu, har Juma'a. Makonni suka wuce ban je ruwa ba, ban kira Baba ba, don ban san abin da zan ce masa ba in ba zancen tsage. Gwaggo ta aiko mini da saƙon murya cewa Baba ya tambaye ta ko ƙwallon nan ba ta ƙarewa ne.

Ana gobe wasan ƙarshe aka ba wasunmu hutun safiya. Abokan ɗakina suka baje suna barci, ni na ɗauki gorata na kama metro. Garin ya yi sanyi, ruwan yana dawowa, kuma jifata ta farko da ɗan kifi mai rai aka fizga aka yanke. Na zauna a kan dutse ina zagin kifin da iyayensa. Akwai wani dattijo ɗan Kerala ta ƙasar Indiya, direban wani gida, da muka daɗe muna ɗaga wa juna hannu daga nesa. 'Yan garinsu suna ce masa Kaka, wai a yarensu yaya ke nan, ni kuma sunan ya yi mini daidai da furfurarsa. Ranar ya kasa haƙuri. Ya tako ya karɓi zarena ya duba bakinsa, ya girgiza kai, ya buɗe wani gwangwani ya zaro wani siririn ƙarfe mai laushi, tsawon taƙi guda, da ƙugiya a ƙarshensa. Ya nuna haƙoransa, ya nuna ruwa, ya ce da guntun Larabcinsa da Turancinsa, jid sai da waya.

Waya. Na tsaya ina kallon abin a tafin hannunsa, maganar Sani ta dawo mini. Ashe ba wayar magana yake nufi ba, wayar ƙarfe yake nufi, wadda haƙori ba ya yankewa. Kaka ya ɗaura mini ita da kansa, ya kamo mini ɗan kifi daga bokitinsa, ya koma wurinsa.

Ban daɗe da jefawa ba aka ɗauka. Wannan karon zaren bai saki ba. Ya riƙa fita daga jikin gorar da gudu, na naɗe hannuna da hular yunifom na riƙe. Kifin ya tashi sama gaba ɗayansa yana girgiza kai, daidai yadda Baba ya kwatanta, ya faɗa ya nufi duwatsu. Na bi shi ina tsallaka duwatsu, takalmina ɗaya ya tafi. In na jawo ya ƙwace, in ya gaji in sake jawowa. Sai da muka daɗe ana haka sannan ya kwanta a gefensa kusa da gaɓa, Kaka ya sa ƙugiyar hannu ya ɗago shi. Muka tsaya a kansa muna haki, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, haƙoran nan a jere, wayar ta lanƙwashe amma ba ta tsinke ba. Muka raba shi biyu, na ba Kaka wajen jela, ya ƙi, na matsa masa.

Sai da na bari gari ya waye sosai a gida sannan na kira. Ba Juma'a ba ce, sai da Sani ya kai masa wayar ɗaki.

"Baba, na kama shi."

Na kasa kunne. Ina jin kukan kaji a tsakar gida.

"Waya ka sa?"

"Waya na sa."

"To madalla."

Sai muryar Sani na ji, wai Baba ya ce zai ɗan kwanta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na koma bakin shinge da rana ina nuna wa mutane hanya, zuciyata tana tafasa. Kusan shekara biyu ina zarya Wakra, yatsuna duk tabo, ashe Baba ya san maganin tun ranar farko. Na ɗauka gwada ni yake yi, ko yana nuna mini cewa wanda ya bar ruwa ya bi boko ba zai taɓa zama masunci ba. Da aka gama gasar, gari ya watse, na kira Gwaggo na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ita ce uwata, a gabanta ba na tauna magana.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Auwalu, kai dai girman jiki ne da kai. Tun ranar da ka fara kawo zancen kifin nan Sani ya ce a gaya maka, ubanka ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba. Ya ce in ka sa waya ka kama shi, to wace magana kuma za ka kira shi ku yi? Kullum cikin dabarar da zai ba ka ran Juma'a yake kwana, wadda za ta yi kama da gaskiya amma ba za ta kama kifin ba."

Ta ce tun ranar da na kama kifin Baba bai sake cewa a kai masa tabarma bakin kogi ba, ya ce ai an gama. Ta ce ita dai ba ta ga laifin kowa ba, ni da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Aka mayar da mu Al Gharrafa. Juma'ar da ta biyo baya na karɓi aikin Alhassan, na ce ya je ya huta, ba ni da abin yi a Wakra. Na zauna a ɗakin gilashi ina juya wayata a hannu. Ina so in kira, ban san da me zan fara ba. Har na yi tunanin in ƙirƙiro wani sabon kifi, in ce na ga wani mai ƙaho ko mai fuka-fuki, mu sake ɗaukar wata shekara biyun. Da na lissafa sun sauko daga masallaci sai na danna kawai. Sani ya ce yana ɗaki. Na ce a kai masa.

"An je ruwa ne?" in ji Baba.

"Ban je ba, Baba. Ina wurin aiki."

"To wani abu ne ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Kiran ka kawai na yi."

Na cire wayar daga kunne na duba ko ta katse ne. Na jiyo ya ce wa Sani ya fita ya ja masa labule. Ya yi gyaran murya, ya tambaye ni ko ana ba mu abinci sosai a wurin nan. Na ce ana ba mu. Ya tambaya ko ina da abin rufa, ya ji an ce ƙasar Larabawa ma tana sanyi. Na ce ina da bargo. Ya ce ƙafarsa tana hana shi barci, bai gaya wa su Sani ba don kada su tayar da hankalinsu. Na ce zan sa a kai shi asibiti, ya ce to, bai yi musu ba.

Sannan ya ce, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

"Ɗakin nan da ke jikin nawa, na sa an sake masa rufi. An yi masa daɓe. Ba kowa a ciki."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "To."

Wata mota ta zo bakin get ta yi hon, ta sake yi. Na juya mata baya na bar ta ta jira.